Kan Babur ɗin da Ka Ɓoye Bayan Buhun Masara

Mararaba, ranar Lahadi da hantsi

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uba da ɗansa, ina roƙon Allah ya kai ka ƙauyen nan na bayan Kwali da aka tura ka koyarwa lafiya. Allah ya tsare ka daga ramin hanya, da direban tirela mai gyangyaɗi, da akuyar da ba ta gama shawarar ɓangaren da za ta tsallaka ba. Amin.

Sunan mahaifina gare ka, shi ya sa bakina ba ya iya yi maka faɗa. Da na buɗe shi sai wasa ya fito. Don haka na ari biron ƙanwarka. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san karatuna bai yi nisa ba, wanda na yi ɗin ma rabinsa a kan mangwaron bayan aji na yi shi. Yanzu kai malamin makaranta ne, amma in ka ga kuskure kada ka kuskura ka sa mini jan biro.

Bari in fara da ranar da na jefa Mamanku a kwata. Labarin ka sha ji, amma kullum a wajen dariya ake tsayawa, ba wanda ya taɓa gaya maka dalilin. Ni kuwa dalilin ne ya fi ba ni sha'awa.

Lokacin kana gida wajen kakarka kana firamare. Farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, Abuja sai gini ake ta ko'ina, kuɗi na yawo kamar an kwance musu dabaibayi. Ina acaɓa a Utako, ina ɗaukar ma'aikatan minista masu jaka da wayar salula, aljihuna ya ɗan yi nauyi, kaina ya fi shi. Sai na dubi babur ɗina na ga bai dace da mutum irina ba. Na tafi shagon wani mai kayan babur, Oga Sande, na hango wani kan babur a rataye, dogo, ya tashi sama ya buɗe kamar ƙahon bijimin Fulani, yana ƙyalli kamar tiren amarya.

Na ce, "Oga Sande, wannan zai hau nawa?"

Ya ce, "Haba Alhaji! Wannan ita ne orijina. Yana hawa kowane mashin. Ko keken ɗinki ka kawo zai hau."

Ban je Makka ba, amma da ya ce Alhaji sai ciniki ya faɗa. Na kawo gida na ɗaura da hannuna, don ba na son bakanike ya ci kuɗin abin da ban iya ba. Na zauna a kai, hannuwana a sama kamar wanda 'yan sanda suka tare, na ji ni sarki. Na leƙa na ce wa Mamanku ta shirya, yau zan kai ta ta ga tafkin Jabi, don tun da na ɗauko ta daga gida ba ta taɓa wuce Nyanya ba. Ta ciro sabuwar atamfarta daga ƙasan akwati, ta sha ɗauri, ta hau. Maƙwabta na cewa a dawo lafiya.

Ko layinmu ba mu fita ba. A bakin layin ka san akwai kwana mai tsanani wajen mai ƙosai. Na rage gudu, na karya kai dama har ƙarshe, sai babur ya yi wani irin gurnani ya zabura da kansa, alhali wallahi ban murza masa wuta ba. Ni na tafi da teburin mai ƙosai. Mamanku ta tafi kwata, ita da atamfa da ɗauri. Allah ya taƙaita, gwiwa kawai ta ƙuje. Ta fito tana ɗiga, ta dube ni, ta taka zuwa gida. Tun daga ranar ake ce mini Iro Mai Ƙaho, tun daga ranar kuma ta rantse ba za ta sake hawa bayana ba.

Me ya sa na tono wannan? Shekaranjiya na shiga ɗakin ajiya neman fatanya, sai na ga abu na ƙyalli a bayan buhun masara, an naɗe shi da tsohon zani. Sabon kan babur ne. Ban taɓa ba. To, ƙarya nake, na taɓa. Na ɗauko na riƙe, har na yi "buuum" da baki kafin in tuna shekaruna. Ban ga laifinka ba. Babur ɗin da na ba ka kansa ya tanƙware tun faɗuwar bara, dole a sauya, kuma jinina ne a jikinka, ba mamaki ka zaɓi mai ƙyalli. Na lura kana jira sai ka bar gida ka ɗaura, don kada in sa baki. To ga bakin nan na sa a takarda, zan cusa ta cikin kayanka kafin ka tafi.

Washegarin kwata na tura babur zuwa wajen Bitrus, bakaniken nan ɗan Kagoro da ke gindin dalbejiya. Na ce masa babur ɗina ya yi gamo, aljani ne ya murza wuta. Ya yi dariya har ya zauna a kan taya.

Ya ce, "Baba Iro, aljanin nan kai ka ɗaura shi da sifana. Zo ka gani."

Ya ɗora babur a kan babbar ƙafarsa ta tsakiya ya tayar, ya bar shi yana silo, wato yana numfashi a hankali. Ya saki totur gaba ɗaya, ya kama tsakiyar kan da yatsa biyu ya juya hagu. Shiru. Ya juya dama. Sai injin ya ɗau kuka. Ya dawo da shi tsakiya, ya yi shiru. Na ce ya sake. Ya sake. Na ce ya sake dai. Ya ce, "Baba, mai ne ke ƙonewa fa, ba sinima ba ce."

Abin ya ɗaure mini kai, sai da ya nuna mini da yatsa. Ashe wayar totur an yanka ta ne daidai tsawon kan kamfani. Da na ɗaga kan sama, wayar ta miƙe ta zama kamar tsarkiyar gurmi. Muddin kana tafiya miƙe ba ka jin komai. Da ka karya kwana sai ta ƙara miƙewa ta ja kanta, ita kuwa ba ta san bambancin hannunka da kwana ba, ja dai ja ne. Na koma gida na ɗaura zare a kujera ina gwadawa, Mamanku na kallona ta taga tana girgiza kai.

To ga gargaɗi na farko, in ma shi kaɗai ka riƙe ya isa. Bayan ka ɗaura, kada ka hau. Ka ɗora shi a kan ƙafa ka tayar, ka juya kan hagu har ya tsaya, ka juya dama har ya tsaya, kunnenka a kan injin. In muryarsa ta sauya ko da ƙanƙani, kashe shi. Ka murza totur ka saki a kowane ɓangare, ka ga ko yana komawa da kansa, tas, ba tare da ka raka shi ba. Haka za ka duba wayar birkin gaba da ta kuloci da wayoyin fitila da ham. Kowacce ta kasance da ɗan sauran lanƙwasa, kamar mutumin da ya ci ya bar wurin ruwa. In ta gaza, sai ka sayi doguwa ko ka mayar da kan, ba a lallashin waya. Ka kuma sa babban yatsanka inda yake zama ka juya har ƙarshe, ka ga ko tanki zai matse shi. Farcena na hagu da kake tambaya kana yaro me ya sa ya yi kama da ɓawon gyaɗa, amsar ke nan.

Za ka zaci na yi hankali. Ina! Na cire ƙahon, na koma wajen wani mai shago na sayo gajere mai araha. Da na zo ɗaurawa sai na ga yana lilo a mazauninsa, bai cika ramin ba. Ashe su ma kauri gare su daban-daban, wani ya fi wani da abin da ido ba ya kamawa. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wanda ya yi karin maganar nan bai taɓa sayen kan babur ba. Sai dabara ta zo mini, irin wadda ke zuwa wa mutum ranar da za a yi masa dariya. Na yanko gwangwanin madara na naɗa a tsakiya na ɗaure noti. Ya kama tsam. Har na yi wa Bitrus gori a raina.

Na yi kwanaki ina yawo da shi, gwangwani na cinyewa a ɓoye ban sani ba. Rannan na ɗauko wani babban ma'aikaci, mai kaftani fari fat da fayil a hammata, yana sauri zai shiga taro. Muka zo rami na damƙe birki, sai kan gaba ɗaya ya juya ya yi ƙasa. Ƙirjina ya sauka a tanki, oga ya sauka a bayana, muka tafi a haka kamar masu ruku'u a kan titi. Allah ya sa ba mota a bayanmu. Da muka tsaya ya gyara hula ya ce, "Malam, wannan sabon salon tuƙi ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, gaisuwa ce ta manya." Bai yi dariya ba, bai kuma biya ba.

Don haka kafin ka kwance tsohon kan, ka samo zare ka zagaye tsakiyarsa ka ƙulla alama, ka kai zaren kan sabon. In bai zo daidai ba, ba naka ba ne, ko da mai shago ya rantse da kabarin kakarsa. Ka duba tsakiyar sabon, akwai wani zane-zane a jiki kamar tsagar fuska. Na daɗe ina zaton ado ne, ashe shi ke cizon mazauni ya hana juyawa. In sumul yake kamar goshin jariri, ka yi tunani. Wajen ɗaure noti kuma kada ka gama da ɗaya sannan ka koma wani. Kaɗan nan, kaɗan can, kamar rabon nama a gidan yawa, har su kama tare. Sannan ga dabarar da ni na ƙirƙiro, ita kaɗai ce tawa da ba ta jefa kowa a kwata ba: ka samo jan farce ka ja layi ɗaya daga kan zuwa mazauninsa. Duk safiya ka kalla. In layin ya rabu biyu, kan ya fara tafiya, ka ɗaure kafin ya kai ka ruku'u. Na sa maka kwalbar ƙanwarka a jakar sifana. Ba ta sani ba tukuna, in ta kira ka kada ka ambaci sunana.

Sai maganar faɗi. Wannan har yau ban gama fahimtarsa ba. Na uku da na saya mai faɗi ne, ga daɗin riƙo, amma a gosulon Nyanya sai na zama mai aski: ina wucewa ina aske wa motoci madubi. Wata mata mai jif ta bi ni da zagi cikin yare uku. Na fusata na ɗauko zarto na rage shi, ba awo ba komai, sai dama ta fi hagu tsawo. Na rage daman, sai hagu ta fi. Kafin in farga na mai da shi kamar maburgi, ko wurin zaman makunnin fitila babu. A kwalta yana ratsa motoci kamar allura. Amma ranar da na shiga yashi da shi a hanyar Karshi, sai ya riƙa rawa a hannuna kamar kazar da aka yanka, ba ni da ƙarfin tanƙwara shi.

Abin da na gano shi ne, faɗi ƙarfi ne. Kamar ƙotar fatanya, in ta yi tsawo ƙasa na yi maka biyayya. Kai kuwa ba gosulo za ka ba. An ce mini hanyar ƙauyenku yashi ce da zaizaya, har da rafin da ake ratsawa. To kana bukatar ɗan faɗi, amma ba irin na sandar shanya ba. Tsayi kuwa, irin wanda na gani a bayan buhu, ban ga amfaninsa a yashi ba, sai dai in kana son 'yan makaranta su yi maka suna irin nawa. Malam Mai Ƙaho Ƙarami. Ka yi tunani, sunan yara ba ya goguwa.

Ga yadda Bitrus ya koya mini awo daga baya, ba tef ba lissafi. Ka zauna a kan babur yadda kake zama in ka gaji, ba yadda kake zama in 'yan mata na kallo ba. Ka rufe ido, ka saki kafaɗa, ka miƙa hannu gaba inda suke so su sauka, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Sai wani ya kawo kan ya sa a ƙarƙashin tafinka. In ya same su a inda suke, naka ne. In sai ka miƙa, ko ka ɗaga kafaɗa, ko wuyan hannunka ya karye gefe kafin ka kama, to kai ne za ka yi wa ƙarfe hidima. Ni na yi masa shekaru. Ka ga yadda yatsuna na dama ke mutuwa da safe, har sai na riƙe kofin shayi da hannu biyu kamar mai roƙo. Jiki magayi, amma shi sai an gama ɓarna yake magana.

Tunda kai ka yi karatu, akwai abubuwan da nake so ka bincika mini. Me ya sa yatsa ƙarami da na kusa da shi suke fara mutuwa, ba babba ba? Mutanen da ke ƙera ƙarafan nan a can ƙasarsu, hannun wa suke aunawa? Nasu ne, ko akwai wani bawan Allah guda da aka ajiye a kamfani yana miƙa hannu duk duniya na bin tsawonsa? In haka ne ina son in san ko ya taɓa shiga yashi. Kuma me ya sa wani kan ke kaɗa madubi har ka ga mota ɗaya ta zama uku, wani kuwa shiru, alhali babur ɗaya ne? Na tambayi Bitrus ya ce, "Baba, ni gyara na iya, ba duba ba." In ka samu amsa ka rubuto da manyan baƙaƙe. Ka kuma gaya mini yadda masu baburan ƙauyen suke ɗaura nasu, don kowace ƙasa da irin hannun da take so. Ka kalle su kafin ka nuna musu kai ɗan Abuja ne.

Ban ce ka jefar da abin da ka saya ba. Wa ya sani, ko ya dace. Cewa na yi ka gwada shi da zare, da rufe ido, da kunne. In ya faɗi jarrabawa, ka ba shi sifili yadda za ka ba ɗan wani, ka mayar. Hular kwano kuma kai aka yi wa ita, ba tanki ba.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na ɓata wa ƙanwarka biro. Jiya da la'asar Mamanku na ɗaure maka yaji da kuka da daddawa, sai na zauna kusa ina yi mata surutu don kada ta yi kuka. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, in ruwa ya ɗauke ina so in je in ga inda yaron nan yake kwana."

Na ce, "Mota ai a bakin titi take tsayawa. Daga nan sai babur."

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Ke da kika rantse?"

Ta ce, "A kan bayanka na rantse. Ban rantse a kan bayan ɗana ba."

Ka ji fa. Matar da tun ranar kwata ko za ta unguwa da kaya a ka gara ta taka, ita ce za ta zauna a bayanka, ta ratsa yashi da rafi, a kan ƙarfen da ka ɓoye a bayan buhun masara. Sai na yi wuf na ce to shi ke nan, in Abba ya ɗauke ki ai an biya bashin Jabi, ɗa ai shi ke biya wa uba. Ta ajiye ƙullin daddawa ta dube ni irin kallon ranar nan.

Ta ce, "Nasa ziyara ce. Naka alkawari ne. Atamfar ma tana nan, na wanke na ajiye."

Abba, ban san tana nan ba. Na zaci ta daɗe da zama tsumma.

Jabi dai ta fi ƙarfina yanzu. An hana irinmu shiga cikin gari da babur, hannun nan kuma ba zai kai ni ko gadar Nyanya ba. Na faɗa mata haka, ban sa wasa ba, kai ka san abin da wannan ya ci mini. Sai ta ce ai an ce makarantarku akwai filin ƙwallo. Ta ce in babu kwata a kusa, kuma in kai ne da hannunka ka juya kan nan hagu da dama a gabanta injin bai yi kuka ba, to za ta hau bayana in zaga da ita filin sau ɗaya. A hankali. Ta ce in na ƙara ko da "buuum" da baki za ta sauka.

To ka ga inda maganar ta tsaya. Wuyanka na kan ƙarfen nan, gwiwar mahaifiyarka na kansa, ga kuma ɗan abin da ya rage na mutuncin tsohonka. Ka ɗaura shi kamar wanda ya san su wa za su hau.

Allah ya kiyaye hanya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa yaran su ji maganarka fiye da yadda na ji ta malamaina. Allah ya tsare gabanka da bayanka, da damanka da hagunka har ƙarshen juyi. Mamanku na sa maka albarka. Bitrus ya ce a gaishe ka, ya ce in ka ga gwangwanin madara ka sha madarar ka jefar da gwangwanin.

Kafin mu zo, ka taka filin nan da ƙafa ka duba mini ko akwai rami. Ta riga ta kai atamfar wajen mai guga.

Mahaifinka,
Iro Mai Ƙaho